"Par for the course": tambayoyi da amsoshi kan maganar da Turawa suka ɗauko daga filin golf

Ni dai a imel na fara cin karo da wannan magana, lokacin ina aiki da wata ƙungiya muna jiran kayan aiki daga tashar jirgin ruwa, an ce sati biyu za su iso sai gashi mun shiga sati na biyar shiru. Na zauna na rubuta wa baturiyar da ke kula da aikin dogon bayani na ban haƙuri, har da ranaku da sunayen takardun da suka maƙale, ita kuma ta maido min da layi ɗaya tal: "Don't worry, it's par for the course." Toh a lokacin akwai wani kwas da za a yi wa ma'aikata a wata mai zuwa, sai na ɗauka cewa take kayan na kwas ɗin ne, na wuni ina juya maganar a raina ina neman alaƙar injin ban ruwan da muke jira da kwas. Sai da yamma wani dattijo a ofis, wanda ya taɓa zama a Ingila, ya karanta ya ce min "ai cewa take kar ka damu, dama haka abin yake". Tun daga ranar nake bibiyar maganar, kuma tambayoyin da ke ƙasa sune waɗanda ɗalibai da abokai suka fi yi min a kanta.

A taƙaice dai, me take nufi?

Abin da aka saba gani ne, ba abin mamaki bane, dama an san haka zai faru. In mutum ya ce wani abu "par for the course" ne, yana nufin in ka duba wurin ko mutumin ko yanayin, toh wannan shine daidai abin da ya kamata ka yi tsammani. Jirgi ya yi latti a lokacin hazo, jariri sabon haihuwa ya hana iyayensa barci, ɗan kwangila ya ce wata uku aikin ya kai shida, duk ana iya faɗinta a nan.

Shi "par" ɗin mene ne a wasan golf?

Sai an ɗan fahimci wasan kafin maganar ta zauna. A golf, wanda wasu ke kira ƙwallon lambu, ana buga ƙaramar farar ƙwallo da sanda daga inda aka fara har ta faɗa wani ɗan rami mai tuta, kuma wanda ya yi bugu mafi ƙaranci shine ya ci, saɓanin ƙwallon ƙafa da ake son yawa. Ramin ƙarami ne sosai, faɗinsa inci 4 da kwata, kuma yana iya kasancewa yadi 400 daga inda ka tsaya, a tsakani ga bishiyoyi ga tafki ga kwarin yashi da aka haƙa da gangan don ƙwallo ta faɗa.

Toh kowane rami an ƙayyade masa adadin bugun da ake sa ran ƙwararren ɗan wasa zai yi kafin ya zura ƙwallo, wannan adadin shine par. Gajeren rami par ɗinsa 3, matsakaici 4, dogo 5. Yadda ake lissafin shine, ana ware bugu biyu na ƙarshe na gangara ƙwallo a kan lallausar ciyawar da ke kewaye da ramin, sauran kuma na kawo ƙwallon ne zuwa wurin. Kenan a rami mai par 4, bugu biyu ka iso, bugu biyu ka zura. In ka je filin golf ka karɓi ɗan katin da ake rubuta sakamako za ka ga layi uku ko huɗu, lambar rami, tsawonsa da yadi, sai par, sai gurbin da za ka rubuta naka da ɗan guntun fensir. Na taɓa raka wani abokina filin golf da sassafe, raɓa bata bushe ba, yaron da ke ɗaukar masa jakar sanduna ne ma ya nuna min layin da yatsa ya ce "oga, wannan shine abin da filin ke nema a wajenka". Ban taɓa jin bayanin par da ya fi wannan ba.

"Course" ɗin fa, ba kwas na karatu bane?

A'a, kuma nan ne yawancinmu ke zamewa. Kalmar a Turanci tana da ma'anoni da yawa, akwai kwas na makaranta, akwai zubin abinci, akwai hanyar da kogi ke bi, amma a nan filin golf ɗin gaba ɗaya ake nufi. Cikakken fili rami 18 ne, al'adar da ta samo asali daga tsohon filin St Andrews a Sikotlan inda a 1764 aka rage ramukan daga 22 zuwa 18. In aka tara par na duka ramukan 18 sai a samu par na filin, wanda yawanci 70 ne ko 71 ko 72. Wannan jimlar ita ce asalin "par for the course", wato ƙa'idar bugu ta wannan filin.

Ka lura da kalmar "wannan". Kowane fili da nasa, wani 70 wani 72, ya danganta da tsawonsa da yadda aka tsara shi. Shi yasa a maganar yau da kullum ma kullum akwai wani wuri ko mutum da ake auna abin da shi, ba wai duniya gaba ɗaya ba. Ruwan sama kwana bakwai a jere a Landan abin da aka saba ne, a Agadas kuwa labari ne.

Golf ne ya ƙirƙiro kalmar par?

Ba shi bane, aro ya yi. Asalinta daga Latin ne, ma'anarta daidai ko tsara, abu biyu da suka yi kunnen doki. Kafin golf 'yan kasuwar hannun jari da masu canjin kuɗi ne ke amfani da ita, in takardar hannun jari an rubuta mata fam 100 kuma ana sayar da ita fam 100 a kasuwa sai a ce tana kan par, in ta faɗi zuwa 90 tana ƙasa da par, in ta hau 110 tana sama.

Yadda ta shigo golf kuwa, labarin da aka fi sani shine na 1870, a filin Prestwick na Sikotlan inda ake gasar Open, babbar gasar golf ta Birtaniya, a wancan zamanin. Wani marubucin wasan mai suna A. H. Doleman ya tambayi ƙwararru biyu, David Strath da James Anderson, bugu nawa ne wasa marar kuskure a filin, wanda a lokacin rami 12 ne, suka ce 49. Sai ya kira wannan adadin par. A gasar shekarar Young Tom Morris ya zagaya filin sau uku da bugu 149, kaga 49 sau uku 147 kenan, wato bugu biyu kacal ya ɗara. Daga baya a 1911 hukumar golf ta Amurka ta fitar da ma'auni a rubuce, rami har zuwa yadi 225 par 3, daga nan zuwa 425 par 4, zuwa 600 par 5. Yanzu an ƙara tsawon saboda sanduna da ƙwallayen zamani sun fi tafiya nesa. Ita kuma maganar da muke kai, ta fita daga fili ta shiga bakin jama'a ne a ƙarni na 20.

Yabo ne ko suka?

Wannan ita ce tambayar da tafi muhimmanci a wajena, don a nan ne mutum zai iya yin kuskuren da zai ɓata wa wani rai ba tare da ya sani ba. A ƙamus za ka ga an ce "abin da aka saba", kamar babu ɗaci babu zaƙi, amma in ka saurari yadda masu harshen ke faɗinta, kusan kullum a kan abin da bai yi daɗi ba ne. Jinkiri, tsada, rashin cika alkawari, gajiya, halin wani da aka gaji da shi. Akwai wani ɗan numfashi da ke biye da ita, irin na wanda ya riga ya haƙura. Da wuya kaji an ce ɗalibi ya ci jarrabawa da maki mafi girma sannan a ce "par for the course", ana iya faɗa in yaron dama ya saba zuwa na ɗaya, amma ba nan ne gidanta ba.

Abin da ke bani mamaki har yau, a cikin wasan kansa par ba ƙaramin abu bane. Ma'aunin ƙwararre ne. Mafi yawan masu buga golf na nishaɗi a fili mai par 72 da 90 ko 100 suke tashi, wani zai shekara talatin yana zuwa fili duk Asabar bai taɓa gama rami 18 a kan par ba, ranar da ya yi kuwa sai kowa ya ji. Amma da maganar ta fito waje sai ta sauko, ta tashi daga "abin da gwani ke yi" ta koma "abin da muka saba gani, ko da ba mu so". A ganina dalilin shine mutane sun riƙe ɓangaren tsammani ne kawai, lambar da aka riga aka rubuta a kati kafin ka buga ƙwallo ko ɗaya, suka bar ɓangaren ƙwarewa a fili. Don haka in Bature ya duba aikinka ya ce "par for the course", kar ka yi murna tukuna, ba ce maka ya yi ka yi aikin gwani ba. Duba fuskarsa da abin da ya gabata. In matsala ce ta taso wadda ba laifinka ba, toh lallashi ne, kamar yadda baturiyar nan ta yi min. In kuma kuskurenka ne ake magana a kai, cewa yake dama ka saba, kuma wannan magana ce mai nauyi.

Da Hausa ya zan faɗe ta?

Ba a fassara ta kalma da kalma, in ka ce "daidai da filin" babu wanda zai gane. Mu ma muna da namu kuma wallahi sun fi ta armashi. In lallashi ne: "ai dama haka abin yake", "ba yau aka fara ba", "sai haƙuri, haka harkar ta gada". In gajiya ce da haƙuri: "in da sabo ai mun saba". In a kan halin mutum ne: "halinsa ne", ko a ƙara gishiri a ce hali zanen dutse.

Amma wadda nake ganin tafi kusa ita ce karin maganar nan, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Dubi yadda suka yi kama, ita rariya an san aikinta tun a kasuwa, shi ma filin golf an rubuta par ɗinsa tun kafin ka shiga. Bambancin kawai, tamu tana ɗan nuna mai saye da yatsa, kai ka zaɓa da idonka a buɗe, ta Turawa kuma bata cika ɗora wa kowa alhaki ba, yanayin kawai take bayyanawa. Mai fassara sai ya auna wanne ne ya dace da wurin. Na taɓa ganin an fassara ta da "barewa bata gudu ɗanta ya yi rarrafe", wannan bai zauna ba sai in gado ake magana, kuma ita yawanci yabo ce.

In ƙasa da par abu ne mai kyau a golf, me yasa "below par" ke nufin abu marar kyau?

Madalla da wannan tambaya, ta rikita mutane da yawa har da masu harshen. A golf ƙarancin bugu shine nasara, shi yasa a talabijin za ka ga alamar ɗebewa a gaban sunan wanda ke kan gaba. A babbar gasar Masters ta 1997 a Amurka, a filin Augusta mai par 72, Tiger Woods yana ɗan shekara 21 ya yi bugu 270 a kwana huɗu, par na kwana huɗun 288 ne, kenan ya gama da 18 ƙasa da par, ya ba na biyu tazarar bugu 12. A can "under par" abin alfahari ne.

Amma in abokin aikinka ya ce "I feel below par today", ba shi da lafiya ne ko jikinsa ba ƙwari. In aka ce abincin wani otal "below par" ne ko "subpar", bai kai yadda ake so ba. Sirrin shine waɗannan basu biyo ta golf ba, sun fito ne daga tsohuwar ma'anar nan ta kasuwa da ma'auni, inda faɗuwa ƙasa da par asara ce. Haka "up to par", ya kai matsayin da ake buƙata, da "on a par with", sun yi daidai da juna. Uwa ɗaya ce ta haife su amma gida daban suka tashi. Hanya mafi sauƙi, in ba a filin golf kake ba kuma ba labarin wasan ake ba, ƙasa da par ba alheri bane.

Zan iya faɗa wa ogana, ko in sa a takardar aiki?

A hira da imel na yau da kullum babu laifi, ba ashar bace kuma ba maganar 'yan tasha bace, 'yan jarida da 'yan siyasa na amfani da ita. Abin kiyayewa shine a kan wa ka ɗora ta. In kace jinkirin kaya a ƙarshen shekara "par for the course" ne, lafiya lau. In oga ya makara taro kace "that's par for the course for him", toh ka ce masa makararre ne na dindindin, kuma in ta koma kunnensa sai ka yi bayani.

Inda nake roƙon mutane kar su kusance ta shine wajen rashi ko ciwo mai tsanani. Wani ɗalibina ya taɓa nuna min saƙon da zai tura wa abokiyar karatunsa 'yar ƙasar waje da mahaifinta ya rasu bayan doguwar jinya, yana so ya ce mata mutuwa rigar kowa ce, sai ya rubuta wannan maganar. Niyyarsa kyakkyawa ce, irin ta'aziyyarmu yake so ya yi, amma a kunnenta zai fito kamar yana cewa "toh sai me, dama an sani". Alhamdulillahi ya tambaya kafin ya tura. Maganar ta ƙananan wahalhalu ce, layin banki, cunkoson mota, ciwon baya bayan doguwar tafiya, bata da nauyin ɗaukar baƙin ciki.

Na ga wasu na rubuta "part of the course", daidai ne?

Kuskure ne, amma mai saurin faruwa, don kunne yafi sanin "part" fiye da "par", kuma in Baturen Ingila ya faɗa baya fitar da harafin r na ƙarshe, sai kaji kamar "paa". Akwai masu rubuta "part for the course" da "par for the cause" ma. Kalmomi huɗu ne, par, for, the, course, ba a ƙara ba a ragewa. In kana nufin wani darasi yana cikin manhajar kwas ɗinku, toh nan "part of the course" daidai ne, amma wata magana ce daban.

Su "birdie" da "bogey" da nake ji fa?

Duk daga par ake auna su. Ka zura da bugu ɗaya ƙasa da par, birdie kenan, wato ɗan tsuntsu, sunan ya fito ne daga wani fili a Atlantic City ta Amurka wajen farkon ƙarni na 20 lokacin da samari ke kiran duk abu mai kyau "bird". Biyu ƙasa, eagle, gaggafa. Uku ƙasa, albatross, wani ƙaton tsuntsun teku, kuma samunsa sai an dace ƙwarai, wanda aka fi tunawa shine na Gene Sarazen a rami na 15 a gasar Masters ta 1935. In kuma ka ɗara par da ɗaya, bogey. Waɗannan basu cika fita daga fili ba, ba kamar par ba.

Akwai wasu maganganun da Turanci ya aro daga golf?

Akwai 'yan kaɗan da za ka ci karo da su. "Hole in one" shine zura ƙwallo da bugun farko, a waje kuma cin nasara tashi ɗaya. "Tee off" shine bugun farko daga kan ɗan tsinken da ake ɗora ƙwallo, ana amfani da shi da ma'anar fara abu, amma a kula, in Ba'amurke ya ce "I'm teed off" ransa ne ya ɓaci. "Mulligan" dama ce ta biyu, a sake bugu ba tare da an ƙirga na farko ba, babu ita a dokar wasa, tsakanin abokai ne kawai ake yafe wa juna.

Wadda na fi so ita ce "stymie", za ka ganta a jaridu in an ce an daƙile wani shiri ko an tare masa hanya. A tsohuwar dokar golf, in ƙwallon abokin karawarka ta tsaya tsakanin taka da rami, kuma tazarar da ke tsakaninsu ta wuce inci 6, ba a ɗauke ta, dole ka san yadda za ka yi, ko ka kewaye ta ko ka ɗaga taka ta tsallake. An soke dokar a 1952, yanzu sai dai a sa ɗan kwabo a gurbin ƙwallon a ɗauke ta har ka buga.